Biza, takardun zama da lauya: tambayoyin da ake yawan yi daga Ngaundare zuwa Injamena

Tambayoyin nan su ne ake ta maimaitawa a rumfunan kasuwa da ƙofar masallatai a Garwa, Marwa, Kuseri, har tsallaken kogi a Injamena. An haɗa su wuri guda ne don mai niyyar tafiya ya san abin da zai iya yi da kansa, da inda lauya ke da amfani, da inda ake cin kuɗinsa a banza. Kuɗaɗe da wa'adin da aka ambata gwamnatoci kan sauya su, wani lokaci ba sanarwar kirki, saboda haka kafin ka biya ko sefa ɗaya ka leƙa shafin ofishin jakadancin da abin ya shafa.

Ni ɗan Kamaru ne. Ina zan iya zuwa ba biza?

Ƙasashe shida na ƙungiyar tattalin arziki ta CEMAC, wato Kamaru, Chadi, Gabon, Kwango Barazabil, Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini, sun soke biza a tsakaninsu, kuma tun ƙarshen 2017 dukansu suka amince da haka. Zaman da aka yarda da shi kwana 90 ne. Najeriya ma ba ta neman biza daga ɗan Kamaru ko ɗan Chadi mai gajeren zama. Mai tsallaka gadar Ngeli da safe ya dawo da yamma ya san wannan a aikace. Amma wanda zai nufi Gabon ko Ikwatoriyal Gini kada ya dogara da katin ɗan ƙasa kaɗai, ya riƙe fasfo, domin can sun fi tsananta bincike.

Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS. Don ka ga abokin cinikinka na Mubi yana wucewa ƙasashen yamma yadda ya ga dama, ba lallai hakkinku ya zama ɗaya ba; kowace ƙasa sai ka bincika nata tsarin. Katin rigakafin shawara kuwa ka sa shi cikin fasfo ka bar shi nan. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, kada wani ya ce maka ya mutu bayan shekara goma.

Malam, ni ɗan Najeriya ne, na fi shekara goma ina da shago a Marwa. Tunda ba biza tsakaninmu, ina da sauran wata takarda?

Kana da ita, Alhaji. Rashin biza na ziyara ne, ba na zama ba. Dokar Kamaru ta 10 ga Janairun 1997 kan shiga da zaman baƙi, wadda aka yi wa gyara a 2022, ta ce baƙon da zai zauna ya mallaki katin zama, wanda kowa ke kira kart de sejur. Shekara biyu yake yi a sabunta. Wanda ya yi shekara shida a jere da katinsa a hannu yana iya neman na dindindin mai shekara goma. Wurin 'yan sandan shige da fice ake nema, kuma duk abin da ka biya ka karɓi rasit.

Da yawa kan ce ai gara a riƙa sallamar jandarma a hanya, ya fi sauƙi. Ka lissafa abin da ka sallama cikin shekara biyu tsakanin Marwa da Garwa, sannan ka tuna cewa ranar da rigima ta haɗa ka da mai gidan haya ko wanda kake bi bashi, abin da za a fara tambayarka shi ne matsayin zamanka.

Maganar yara ta fi wannan nauyi. Haihuwa a Kamaru kaɗai ba ta mai da ɗan baƙi ɗan ƙasa. Dokar 1968 ta ba yaron da aka haifa a nan, ya kuma zauna a nan aƙalla shekara biyar, damar neman zama ɗan ƙasa cikin wata shida kafin ya cika shekara 21. Ƙofa ce ƙarama, kuma tana rufewa. Ita wannan doka ba ta yarda babba ya riƙe ƙasa biyu ba. Nan wuri ne da zama da lauya na awa ɗaya zai iya gyara rayuwar yaro gaba ɗaya.

Nawa ne fasfo, kuma sai na je Yawunde?

Tun Yulin 2021 fasfon Kamaru sefa 110,000 ne, yana shekara biyar. Ana fara rajista da biyan kuɗi a shafin passcam.cm, a zaɓi cibiya da rana, a je a ɗauki hoto da yatsu. Ba ka buƙatar lauya, ba ka buƙatar ɗan kamasho. Idan fasfo ya maƙale, yawanci matsalar tana cikin tambayar da ke biye.

Sunana a takardar haihuwa daban, a difloma daban. Wannan zai hana ni biza?

Ƙwarai kuwa, kuma a yankinmu wannan ya fi talauci hana mutane tafiya. Baza takardun saurayi ɗaya a kan tabarma ka gani. Akt ɗinsa, wato takardar haihuwa, ya ce Mahamat, domin sakataren meri, ofishin magajin gari, haka kunnensa ya ji. Takardar makaranta ta ce Mohamadou. Asusun banki ya ce Muhammad, don shi da kansa ya cike. A akt ɗin babansa an rubuta an haife shi "wajen 1965", ba rana ba wata, amma katinsa na ɗan ƙasa ya ba shi 1 ga Janairu. A unguwa kowa ya san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba dosiye, wato tarin takardunka, a Yawunde ko a Paris bai san unguwarku ba, mutum uku yake gani.

Sai kuma rage shekaru. An yi wa yara da yawa sabon akt don su samu shiga jarrabawa ko gasar aikin gwamnati, aka bar tsohon a rajistar wata meri. Da can wannan kan wuce. Yanzu yatsu ke magana: wanda ya taɓa yin kati da suna ɗaya ya dawo da wani, kwamfuta ta riƙe shi, sai ka ji an ce dosiyensa ta tsaya shekara da shekaru. Ofisoshin jakadanci kuma sukan aika a duba rajistar meri ɗin da ta ba da akt. Idan lambar da ke kan takardarka ta faɗa kan sunan wani a littafi, ko littafin ma babu shi, za a ce takardar ba ta inganta ba, ko da kai ba ka san komai a kai ba.

Gyaran yana kotu. Wanda ba a yi masa rajista cikin wa'adi ba, kotu ke ba da hukuncin da zai maye gurbin akt, wato jujman sufletif, sannan meri ta rubuta shi a littafi. Wanda aka yi kuskure a sunansa ko ranarsa, hukuncin gyara zai nema. Wanda littafinsa ya ƙone ko ya ɓace, akwai hukuncin sake ginawa. Duk ukun aikin lauyan gida ne, na Garwa ko Marwa ko Ngaundare, kuma a ganina a nan ne kuɗin lauya ya fi halatta a duk harkar tafiya. A yi shi tun kafin a nemi fasfo. Abin da ba a yi shi ne a je wurin wani a bayan meri ya buga sabon akt mai tambari. Wannan ƙara rami ne a kan rami.

Mijina yana Faransa. A masallaci aka ɗaura mana aure, da waliyyai da shaidu. Zai iya ɗauke ni?

Hajiya, aurenku aure ne a wurin Allah da jama'a, amma ofishin biza takardar meri yake karantawa. Sai an yi auren gaban jami'in rajista an samu akt na aure. Idan mijin baƙo ne a can, sai ya yi aƙalla wata 18 da takardar zama ta halal, ya nuna albashi mai ɗorewa da gida mai isasshen faɗi, ya shigar da buƙata ta OFII, hukumar Faransa mai kula da baƙi. Idan ya zama ɗan Faransa, hanyar daban ce: ana rubuta auren a rajistar Faransa ta ofishin jakadanci tukuna.

A Kamaru ranar auren meri ana tambayar ango, mace ɗaya ko fiye. Faransa, Kanada da Amurka mace ɗaya suka sani. Mai mata biyu ba zai kai ta biyun a matsayin mata ba, kuma 'ya'yan ɗakin da aka bari a gida suna da nasu sharuɗɗa, har da yardar mahaifiyarsu a rubuce. Kada a rubuta ɗan kishiya ko ɗan ƙanwa a matsayin ɗan cikinki don tausayi. Riƙo a wurinmu zumunci ne, a wurinsu sai da hukuncin kotu.

Lauya zai iya samo mini biza?

A'a. Jami'in ƙasar da za ka je shi kaɗai ke bayarwa ko hanawa, kuma babu lauyan da ke da ƙofar baya. Duk wanda ya ce maka "biza tabbas" ko "ina da mutum a ciki", ka tashi ka kama takalminka.

Abin da lauya ke yi shi ne ya gaya maka irin bizar da ta dace da halinka, ko ya gaya maka gaskiya cewa babu. Ya gano raunin dosiyenka kafin jami'i ya gano. Ya rubuta hujja da harshen doka. Ya kiyaye wa'adi. Ya tsaya maka a kotu idan an kai can.

To yaushe ya kamata in neme shi?

Bizar ziyara, ta jinya, ta Umra, da yawancin na karatu, mai karatun boko zai iya cikewa da kansa, ko ya sa ɗansa ya zauna kusa da shi. Lauya kuwa ana nemansa idan takardun asali sun saɓa wa juna, idan an hana iyali haɗuwa, idan an taɓa korar mutum ko ya wuce wa'adi a wata ƙasa, idan an zarge shi da takardar jabu, idan yana da hukuncin kotu a baya, ko idan maganar mafaka ce. Ɗan kasuwan da zai buɗe kamfani a wata ƙasa shi ma ya nema.

Lauyan nan gida zan ɗauka ko na can?

Dokar wace ƙasa ce ke damunka? Takardar haihuwa, aure, riƙon yaro, katin zama a Kamaru, zama ɗan ƙasa: lauyan nan. Ƙara a kotun Faransa: lauya mai rajista a Faransa. Amurka: lauya mai lasisin ɗaya daga cikin jihohinta. Kanada ta fi kowa fayyacewa. Rukuni uku kaɗai ta yarda su karɓi kuɗi su wakilce ka: lauyan da ke cikin ƙungiyar lauyoyin wani lardi nata, notare (mai tabbatar da takardun doka) na lardin Kebek, ko mai ba da shawara da ke da rajista a hukumar CICC. Sunayensu na kan intanet, kowa na iya dubawa, kuma akwai fom mai lamba IMM 5476 da ake bayyana wakili a kai. Wanda ya cike maka komai ya ce kada ka ambaci sunansa, ya san abin da yake gudu.

Sau da yawa aikin na mutum biyu ne, na gida ya gyara tushe, na can ya yi shari'a.

Yaya zan bambance lauyan gaske da ɗan damfara?

Ƙungiyar lauyoyin Kamaru ɗaya ce a duk ƙasa, tana da jerin sunayen mambobinta. Chadi ma tana da tata. Ka tambayi cikakken sunan Metir ɗin, wato lauyan, ka duba jerin, ko ka tambaya a ofishin magatakardan kotu, sun san masu shiga da fita. Lauyan gaske yana da ofis da za ka koma gobe ka same shi, yana ba da rasit, yana yarda a rubuta yarjejeniya.

Ɗan damfara kuma alamunsa ba sa ɓuya. A WhatsApp ko Facebook ya same ka. Yana son a tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo zuwa lambar wani suna daban. Kullum gobe ake rufewa. Yana tura maka hoton biza da sunanka a kai ya ce saura kuɗin fito da ita. Yana son riƙe fasfonka. Abin takaici, sau da yawa ba baƙo ba ne, wani ne da aka haɗa ku ta hannun mutumin kirki, shi ya sa idan kuɗi sun nutse ake jin nauyin kai ƙara. A kai ƙarar. Zamba laifi ne a dokar ƙasashen biyu, kuma saƙonnin waya da shaidar tura kuɗi hujja ce.

Masu shagon intanet da ke cike fom ba duka ne macuta ba, wasu suna taimako sosai. Sharaɗin shi ne a buɗe komai da adireshin imel naka da lambarka, ka riƙe kalmar sirri, a karanta maka kowane layi kafin a aika. Abin da aka rubuta da sunanka, kai za ka amsa shi.

Me zan kai ranar ganawar farko, kuma yaya ake biya?

Duk fasfo, tsoho da sabo. Akt na haihuwa da na aure. Duk takardar hani da aka taɓa ba ka, har da ambulan idan da ita ta zo, don ranar da ke kai. Ka rubuta tarihin tafiye-tafiyenka a takarda ɗaya. Sannan ka faɗa masa abin da kake ɓoye wa kowa: shekarun da aka rage, korar da aka yi maka daga Jidda, matar da ba ta cikin takarda. Doka ta ɗaure shi da riƙe sirri, kuma lauyan da ya ji labari rabi, shawara rabi zai bayar. Idan Faransancinka bai kai ba, ka je da wanda ka amince da shi ya fassara.

Babu farashi ɗaya. A rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa, a raba ladan lauya da kuɗin tambur, fassara da na kotu, a biya kashi-kashi bisa matakin aiki. Ka bar masa kwafi, asali ya kwana a gidanka, sai in kotu ta nema, nan ma da takardar shaidar karɓa.

Me ake nema a bizar Shengen?

Ita ce bizar gajeren zama ta ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyaka, har da Faransa, kuma tana ba da kwana 90 cikin kowane kwana 180. Kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, kusan sefa 59,000, ban da ladan kamfanin da ke karɓar dosiye, kuma ba a mayarwa idan an hana. Ana son inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, fasfon da zai kai wata uku bayan ranar dawowa mai shafi biyu babu komai, shaidar masauki, da shaidar abin hannu. Wanda zai sauka gidan ɗan uwa a Faransa, ɗan uwan zai karɓo takardar karɓar baƙo daga meri ta garinsu. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, tana iya kaiwa 45.

Ainihin abin da jami'i ke aunawa shi ne ko za ka dawo. A nan ɗan kasuwarmu ke shan wahala: yana da shanu a Adamawa, da tireloli biyu na albasa a hanya, amma dukiyar ba ta bi ta banki ba. Rajistar kasuwanci, takardun haraji, takardar fili, da asusun da kuɗi ke shiga da fita wata da watanni, su ne harshen da ake ji. Mai son tafiya baɗi, bana zai fara.

Ɗalibi mai nufin Faransa ta Campus France, ofishin da ke kula da masu zuwa karatu can, zai bi, a Kamaru da Chadi duka.

Wani ya ce zai zuba mini miliyoyi a asusu na mako guda, in biya shi lada.

Kada ka yarda. Asusun da ya yi wata biyar yana numfashi da ƙyar, rana ɗaya ya kumbura, shi ake fara ja wa layi. Ramin ƙarya ƙurarre ne: Kanada na hana wanda ta kama shekara biyar, Ingila har goma, Amurka kuwa har abada, sai in an yi masa afuwa ta musamman. Ko ɗan kamasho ne ya saka takardar ba da saninka ba, hukuncin kanka zai faɗa. Hani na yau da kullum ba ya rufe ƙofa, don haka idan fom ya tambaya ko an taɓa hana ka, ka ce e.

Faransa ta hana ni. In ɗaukaka ƙara ko in sake nema?

Za a miƙo maka fasfo da takarda mai jerin dalilai, an yi alama a akwati ɗaya ko biyu. Mafi yawa dai biyu ne: ba a gamsu da dalilin tafiyar ba, ko ana shakkar za ka dawo. Kafin ɓacin rai ya sa ka cusa ta a aljihun babbar riga, dubi ranar da aka ba ka. Daga nan kwana 30 kake da su.

Tun Janairun 2023, ƙorafin gajeriyar biza yana zuwa wurin mataimakin daraktan biza a birnin Nant, na doguwar biza kuma wurin kwamitin ƙorafi, shi ma a Nant. Da Faransanci ake rubutawa, a aika ta wasiƙa mai shaidar isa. Idan wata biyu suka wuce shiru, shirun nan hani ne, kuma kana da wata biyu ka kai kotun gudanarwa ta Nant. Ba a tsallake matakin farko a tafi kotu kai tsaye.

Idan biki ko baje koli za ka, kafin kotu ta zauna an daɗe da watsewa. Gara ka gyara abin da aka yi wa alama ka sake nema. Idan kuwa mata ce da yara aka hana bin miji, a nan ƙara ke da ma'ana, a nan kuma lauyan Faransa ke cin kuɗinsa da gumi.

Amurka fa?

Kuɗin bizar ziyara dalar Amurka 185 ne. Ana cike fom DS-160, a je hira ta 'yan mintoci. Dokarsu ta ɗauka duk mai nema zama zai yi sai ya nuna akasin haka, kuma hanin da ake bayarwa a ƙarƙashin sashe na 214(b) ba shi da ɗaukaka ƙara. Lauya ba zai juya shi ba. Sai halinka ya sauya ka sake nema.

Siyasa ma ta shigo. A Yunin 2025 Amurka ta sa Chadi cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, Shugaba Mahamat Idriss Deby ya rama da dakatar da ba Amurkawa biza. An taɓa yin irin haka a 2017, aka janye a 2018. A Yulin 2025 aka rage yawancin bizar 'yan Kamaru da Najeriya zuwa shiga ɗaya cikin wata uku, a Agusta kuma kariyar wucin gadi ta TPS da aka ba 'yan Kamaru tun 2022 ta ƙare. Wanda ya wuce wa'adinsa da fiye da kwana 180 ya fita, shekara uku ba zai koma ba. Idan ya wuce da shekara guda, shekara goma ce.

Cacar biza ta DV, wadda shagunan intanet ke cika saboda ita, gurbi 55,000 doka ta ware mata a shekara. Ƙasar haihuwa ake dubawa, ba fasfo ba, shi ya sa wanda aka haifa a Najeriya ba ya shiga ta kansa. Ana son karatun sakandare cikakke ko ƙwarewar aiki ta shekara biyu. Ba a aiko da saƙon "ka ci". Kai ke dubawa da lambarka, don haka kada ka bar ta a hannun mai shago. Rashin rubuta mata ko ɗa guda ya isa a soke komai. A ƙarshen 2025 gwamnatin Amurka ta sanar da dakatar da shirin, saboda haka a duba halin da yake ciki kafin a biya kowa.

An ce Kanada na neman masu Faransanci. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma Kamaru na cikin ƙasashen da suka fi samun zaman dindindin a can a 'yan shekarun nan. Amma tsarin maki ne: shekaru, difloma da aka tantance, jarrabawar harshe ta TEF ko TCF, ƙwarewar aiki. Faransancin kasuwa bai isa ba. Kuma ba a sayen takardar ɗaukar aiki. Kamfanin da ya ce ka biya kafin ya ɗauke ka tsinkar tumatir, babu gonar.

Zan iya shiga da bizar Umra in jira Hajji, ko in nemi aiki?

Iyayenmu sun yi, wasu ma a ƙasa ta Chadi da Sudan, amma zamanin ya wuce. Bizar Umra ba ta Hajji ba ce, ba ta aiki ba ce. A 2025 Saudiyya ta sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai Hajji ba izini, da kora, da hana shiga shekara goma. A Kamaru Hajji ta hannun hukumar alhazai ta ƙasa yake bi, ƙarƙashin ma'aikatar mulkin cikin gida, da jagororin da aka amince da su. Kuɗin kujera a bankin da hukuma ta ayyana ake zubawa, ba a hannun mutum ba, komai tsawon rawaninsa.

Mai zuwa aiki, musamman 'yan mata masu aikin gida, a ga kwangila kafin a hau jirgi: sunan mai gida, albashi, irin aikin, wa zai biya tikitin dawowa. Dokar Saudiyya ta hana mai gida riƙe fasfon ma'aikaci, ko da yake ana yi. Wadda ta bar gidan aiki ba bisa ƙa'ida ba, ana kai rahoton ta gudu, daga nan ta zama marar takarda. A bar kwafin fasfo da biza a gida, a kuma riƙe lambar ƙaramin ofishin jakadanci na Jidda.

Muna Minawawo tun rikici. Wani ya ce zai sa sunanmu a jerin masu zuwa Turai.

Ƙarya yake. Duk aikin HCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kyauta ne, a sansanin Minawawo da aka buɗe a 2013, da sansanin Darussalam na kusa da Baga Sola. Ba a neman a kai mutum ƙasa ta uku kamar yadda ake neman biza. Hukumar ke zaɓa bisa tsananin buƙata, ƙasar da za ta karɓa ta yanke, kuma waɗanda ke samu a duniya ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Komawa gida kuma, bisa yarjejeniyar 2017 tsakanin Kamaru, Najeriya da HCR, da yardar mutum ake yi. Ɗan gudun hijira ya yi hattara da karɓo fasfon ƙasarsa ba shawara, domin yana iya rasa matsayinsa. Yaran da aka haifa a sansani a yi musu akt tun suna jarirai.

Ƙanena ya kira daga Faransa, an ba shi takardar barin ƙasa. Mu da ke gida me za mu yi?

Ku fara da tambayarsa ranar da aka ba shi da kuma inda yake. Wa'adin ƙalubalantar takardar, wadda suke kira OQTF, wata ɗaya ne ga wanda ke sake, kwana bakwai ga wanda aka ƙayyade wa wurin zama, awa 48 kacal ga wanda ke tsare. Ya ɗauki hoton kowane shafi, har na ƙarshe inda aka rubuta hanyar ƙara, ya kai wa lauya a ranar. Marar hali yana iya neman gwamnati ta biya masa lauya, kuma a wuraren tsarewa akwai ƙungiyoyin da ke taimakon shari'a kyauta.

Naku aikin shi ne takardu. Lauyan zai iya neman akt na haihuwa, na aure, shaidar rashin lafiya, ko hukuncin kotu, wasu sai an buga musu tambarin ma'aikatar harkokin waje a Yawunde ko Injamena. Ku tura hoto ta waya nan take, asali ya biyo baya. Kuɗi kuma kada a tura wa kowa sai an ji daga bakin shi ƙanen naku, an kuma ga sunan lauyan a jerin ƙungiyar lauyoyin garin da yake.